Minti Shida a Cikin Ruwa: Yadda Na Gwada Shankhpushpi a Kan Ɓeraye

A shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a fannin nazarin aikin magunguna a jiki, dole kowane ɗalibi ya ɗauki bincike guda ya yi shi da hannunsa. Kwalejin da na yi karatu tana bayan birnin Delhi, kuma sashenmu ya fi karkata ga tsirran Ayurveda, wato likitancin gargajiyar Indiya. Ba abin mamaki ba ne, domin tun watan Nuwamban 2014 gwamnatin ƙasar ta ware wa wannan fanni da sauran hanyoyin magani irinsa ma'aikata sukutum mai suna AYUSH, kuma kuɗin bincike yakan bi inda gwamnati ta sa ido.

Malamar da ke duba aikina, wadda kowa ke kira Madam, ta ce in duba ciwon damuwa. A bayaninta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da shi. A Indiya kuwa, binciken da cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta NIMHANS da ke Bengaluru ta jagoranta a 2015 zuwa 2016 ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na masu tsananin damuwa ba sa samun magani. Da yawansu wurin mai maganin gargajiya suke zuwa, ko su sayi kwalba a kanti. Tambayar da aka ɗora mini ita ce: abin da ke cikin kwalbar nan, yana yin wani abu kuwa?

Tsohon littafin Charaka Samhita ya ambaci tsirrai huɗu masu gyara ƙwaƙwalwa: mandukaparni, yashtimadhu, guduchi da shankhpushpi, kuma ya fifita na ƙarshen. Har yau idan jarrabawa ta matso, iyaye kan sayo wa 'ya'yansu ruwan shankhpushpi mai zaƙi. Shi na zaɓa. Ba ni na fara ba; a 2007 Dhingra da Valecha na wata jami'a a Hisar, jihar Haryana, sun wallafa cewa wani sashe na abin da suka tatso daga tsiron ya yi tasiri a kan ɓeraye. Aikina shi ne in ga ko abin zai maimaitu a hannun wani, da tsiron da aka tsinko a wani wuri.

Matsala ta farko ba a ɗakin gwaji ta same ni ba, a kasuwa ce. Na je Khari Baoli, babbar kasuwar kayan yaji da saiwoyi ta tsohuwar Delhi, inda ƙamshin barkono ke sa kowa atishawa, 'yan dako na ture-ture da amalanke. Na tambayi shankhpushpi a shaguna daban-daban, kowa ya auna mini nasa. Da na baje su a kan tebur a kwaleji, sai na ga ba abu ɗaya ba ne. Wani karansa kauri da gashi-gashi, wani siriri, wani ma duk an farfasa shi ba a gane kansa.

Madam ba ta yi mamaki ba. Ta ce a Indiya tsirrai huɗu ne ke amsa wannan suna. Wanda kundin magungunan Ayurveda na gwamnati ya amince da shi shi ne Convolvulus pluricaulis, mai yaɗo a ƙasa da farin fure. A kudu, musamman Kerala, Clitoria ternatea suke nufi, mai hawa shinge da shuɗin fure. A Bengal akwai Canscora decussata. Na huɗun shi ne Evolvulus alsinoides, kuma da ta nuna mini hotonsa sai na yi shiru ina kallo, domin na san shi. Ka-fi-malam ne, wanda ke fitowa a saurukanmu da damina, da ƙananan furanninsa shuɗɗa, wanda masu maganinmu na gida ma suke ji da shi.

Wannan ya buɗe mini ido a kan takardun da nake karantawa. Idan mai bincike ya sayo gari a kasuwa ya rubuta sunan Latin a kai ba tare da ya tantance ba, duk abin da ya biyo baya a banza ne, ko da lissafinsa ya yi kyau. Don haka muka ajiye na kasuwa. Bayan damina muka fita da wani malamin sashen tsirrai zuwa wani fili mai rairayi a Haryana, muka tumɓuko tsiron da saiwarsa da furensa. Na danne ɗaya tsakanin takardu ya bushe, na kai gidan adana tsirrai na CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Indiya, da ke Delhi. Suka duba, suka ba ni takardar shaida mai lamba. Wannan lamba ita ce za ta shiga rubutuna, don duk mai shakka ya je ya gani da idonsa.

Sauran tsiron a inuwa na shanya shi, ba a rana ba, saboda zafi da haske suna lalata wasu sinadarai. Da ya bushe aka niƙa, ba lukui ba. Sai na'urar Soxhlet, wadda wani Bajamushe ya ƙirƙira a 1879 kuma har yau ba ta canja ba: tulun gilashi a ƙasa yana tafasa, tururi ya hau, ya huce, ya ɗigo a kan garin, idan ya cika ya zuƙe ya koma ƙasa ɗauke da abin da ya narkar. Na fara da wani ruwan sinadari dangin fetur don cire maiƙo, sannan itanol. Zama ake yi a gabanta ana gadi, domin idan ruwan sanyayawa ya ɗauke, tururin itanol ya cika ɗaki, gobara ba ta da nisa. Ana ci gaba har ruwan da ke zuƙewa ya daina kore ya koma garau. Bayan an ƙafar da itanol ɗin a ƙaramin zafi, abin da ya rage a gindin tulu ɗan kaɗan ne, baƙi-baƙi mai yauƙi kamar maɗi. Na ɗiga kaɗan a kan farantin gwaji na duba a ƙarƙashin fitila ta musamman, ɗigon sinadarin scopoletin ya haska shuɗi. Wannan ya ƙara tabbatar mini da abin da ke hannuna.

Duk wannan lokacin ban taɓa ɓera ko ɗaya ba, kuma ba ni da ikon taɓawa. Dokar hana zaluntar dabbobi ta Indiya ta 1960 ce ta haifar da kwamitin ƙasa mai kula da gwaji a kan dabbobi, CPCSEA, wanda yanzu ake kira CCSEA. Kowace makaranta mai gidan dabbobi tana da nata ƙaramin kwamitin, kuma a cikinsa dole a samu likitan dabbobi, da masanin da ba ɗan makarantar ba, da wakilin kwamitin ƙasa, da wani mutum wanda ba ɗan kimiyya ba ne kwata-kwata. Wannan kwamiti zai iya ba da izini a kan ɓeraye da zomaye. Karnuka da birai sai an kai maganar sama.

Na cike fom, na tsaya a gabansu. Wakiliyar kwamitin ƙasa, wata dattijuwa mai farin gashi, ita ta fi matsa mini. Me ya sa sai dabba? Ɓera nawa, kuma ta yaya na iso wannan adadi? Wa zai tsame shi idan ya fara nitsewa? Da me zan busar da shi? Ta yaya za a kashe su a ƙarshe, kuma wa ya koya mini? Ta rage adadin da na nema, ta ce rukunin da ba a ba wa magani ba zai iya yi wa gwaje-gwaje biyu aiki. Na fito gumi ya jiƙa mini riga, amma ban ji haushinta ba. Ƙa'idoji uku na Russell da Burch na 1959, wato a musanya dabba da wani abu idan zai yiwu, a rage yawanta, a sauƙaƙa mata wahala, na haddace su don jarrabawa. A ɗakin nan ne na ga mutumin da ya ɗauke su da gaske.

Gidan dabbobi wani ƙaramin gini ne a bayan kwaleji, shi kaɗai ne wurin da na'urar sanyaya ɗaki ba ta mutuwa. Zafi wajen digiri 22 zuwa 25, haske awa 12, duhu awa 12. Fararen ɓerayen Swiss albino ne, masu jan ido, kowanne giram 20 zuwa 25, a kejin roba da aka shimfiɗa wa buntun shinkafa. Mai kula da su wani mutum ne da ya fi shekarun digirina a wurin, kowa na ce masa Bhaiya, wato yaya. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma yana shiga ɗaki zai gaya maka wane keji ne aka yi faɗa da dare.

Shi ya koya mini kamun ɓera. A ɗaga shi ta gindin wutsiya, ba ta ƙarshenta ba, a ɗora shi a kan ragar keji ya kama da ƙafafun gaba, sannan a tsinci fatar ƙeyarsa da babban yatsa da manuni, a juyo shi, a maƙale wutsiyar da ƙaramin yatsa. Ya ce: "Ƙanina, idan hannunka na rawa zai ji, idan kana sauri zai ji. Ka huce tukuna." Mako guda aka bar su su saba da wuri da hannuna kafin a fara komai. Da wani ruwan sinadari rawaya muka yi musu alama, wannan a ka, wannan a baya, wannan a wutsiya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗura. Ana amfani da sirinji mai lanƙwasasshiyar allura wadda bakinta dunƙulalle ne, a zura ta gefen baki, a bi ganɗa, ta zame zuwa maƙoshin abinci. Idan ta kauce ta shiga hanyar iska, ruwa ya shiga huhu, ɓeran ba zai kwana ba. Bhaiya ya ce ba a turawa. Idan ka ji ta tokare, ka fito ka sake. Shi ya riƙe hannuna a farko har na gane yadda take zamewa da kanta idan ta hau hanya. Tsimin, wato abin da na tatso daga tsiron, ba ya narkewa a ruwa, don haka a cikin ruwan ƙaro muke dama shi, ƙaron nan dai da muka sani. Ɓera mai giram 25 rubu'in mililita yake sha.

Kafin neman amfani sai an nemi illa. Mun bi ƙa'idar gwajin guba ta ƙasa da ƙasa, ta ƙungiyar OECD, mai lamba 423: mata uku a kowane mataki, a hana su abinci na 'yan awanni, a ɗura musu, a zauna a kansu awa huɗu na farko, sannan a riƙa dubawa kullum har kwana 14. Ana lura da rawar jiki, zawo, dalalar miyau, tashin gashi, nauyi. Matakin ƙoli shi ne miligiram 2000 ga kowane kilo na nauyin jiki. Nawa sun wuce shi lafiya. Daga nan aka ɗauki kashi ɗaya cikin goma da ɗaya cikin ashirin, wato miligiram 200 da 100, su zama ma'aunin gwaji.

Aka kasa ɓeraye rukuni-rukuni, shida-shida. Rukuni ɗaya ruwan ƙaro zalla. Ɗaya imipramine, tsohon maganin damuwa da likita Roland Kuhn ya bayyana amfaninsa a Suwizalan a 1957, don ya zama ma'auni. Biyu kuma tsimina, ƙarami da babba. Kullum a lokaci ɗaya, har kwana goma. A nan na roƙi Madam abu guda: kada in san wane ɓera ne ya sha me a ranar gwaji. Wata abokiyar karatuna ta sauya lambobin keji, ta rubuta asirin a takarda ta rufe a ambulan. Wasu ɗalibai sun ɗauki wannan a matsayin ƙarin wahala. Ni kuwa na san abin da zuciyata ke so. Na kwashe watanni a kan tsiron nan, ina son ya yi aiki, kuma yatsan da ke danna agogo na mai son nan ne.

Gwajin iyo na dole Roger Porsolt ne ya fito da shi a Faransa a 1977. Doguwar kwalbar gilashi, tsawonta wajen santimita 25, faɗinta 10, a zuba ruwa yadda ƙafar ɓera ba za ta taɓa ƙasa ba kuma ba zai iya kama baki ya fita ba. Zafin ruwan digiri 25 ko ƙasa kaɗan. Lokacin sanyin Delhi ne, ruwan famfo na yanka hannu, don haka sai an sirka da na zafi ana auna shi kafin kowane ɓera, kuma a zubar a sake sabo, saboda warin fitsarin na baya yana canja halin na gaba. Ba magana, ba turare, ba wayar hannu. Awa ɗaya bayan ɗurar ƙarshe ake farawa.

Minti shida ne. Biyun farko ba a ƙirga su, domin kowane ɓera a lokacin haukan neman fita yake, yana karta gilashi da ƙafafun gaba, yana zagaye. Daga nan sai ya fara tsayawa. Ya saki jiki a kan ruwa, bayansa a ɗan tanƙware, hancinsa a sama, ƙafa ɗaya kawai ke ɗan motsi don kada ya nitse. Wannan tsayawar ake ƙirgawa a minti huɗun ƙarshe: ya tsaya, a danna agogo, ya motsa, a tsayar. A rubuce abin mai sauƙi ne. A gaban kwalba kuwa, akwai daƙiƙoƙi da yawa da ba iyo ba ne ba kuma tsayawa ba, kuma hukuncinsu yana hannun mai kallo. Shi ya sa muka ɗauki komai a bidiyo, abokiyar tawa ta sake ƙirgawa ita kaɗai, muka gwada namu.

Ba zan ɓoye ba, ban ji daɗin ranakun nan ba. Ɓera ya iya iyo, kuma ba wanda ya nitse, amma duk wanda ya kalli idonsa a minti na farko ya san tsoro yake ji. Na tashi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Ban ɗauki abin da nake yi daidai da nata ba, amma na san halitta ce a hannuna wadda ba ta da bakin kai ƙara. Ana cika minti shida sai in tsame shi, in goge shi da tawul, in sa shi a keji mai ɗumi kusa da fitila har gashinsa ya bushe. Bhaiya yana tsaye a bayana kowane lokaci, bai taɓa bari a ƙara daƙiƙa ɗaya ba.

Gwaji na biyu na Steru da abokan aikinsa ne, na 1985. A manna salatif kusa da ƙarshen wutsiya, a rataye ɓera kansa a ƙasa, shi ma minti shida, a ƙirga lokacin da ya daina fafutika. Ba ruwa, ba sanyi, amma wasu kan juyo su kama wutsiyarsu su hau, irin waɗannan kuwa ba a sa su a lissafi.

Na ukun bai da ban tausayi, amma in babu shi biyun farko ba su da ma'ana. Akwati ne mai layukan haske a ciki, duk lokacin da ɓera ya gifta sai na'ura ta ƙirga. Dalili kuwa, duk abin da ke sa kuzari, kamar sinadarin gahawa ko amfetamin, zai sa ɓera ya ƙara iyo, alhali ba maganin damuwa ba ne. Idan tsimi ya rage tsayawa a ruwa amma ya ƙara zirga-zirga a akwati, to ba abin da aka gano sai mai sa zumuɗi.

Ranar ƙarshe ta zo. An kashe su ta hanyar da kwamiti ya amince, a gaban likitan dabbobi, aka cire ƙwaƙwalwa a kan ƙanƙara don auna aikin sinadarin MAO, wanda ke farfasa serotonin da noradrenaline, sinadaran da ke isar da saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Gawarwakin a jakar leda rawaya aka sa su, motar kwashe sharar asibiti ta tafi da su wurin ƙonawa. Bhaiya ya wanke kejin da kansa, bai yi magana da kowa ba a wannan yammacin.

Sai aka buɗe ambulan. Imipramine ya yi abin da aka san shi da shi, ya rage tsayawa sosai, wanda ya nuna tsarin gwajin namu yana aiki. Ƙaramin ma'aunin tsimina bai bambanta da ruwan ƙaro ba ta yadda lissafi zai yarda. Babban ya rage tsayawa a gwaje-gwajen biyu, bai kai imipramine ba, kuma bai ƙara zirga-zirga a akwati ba. Awon ƙwaƙwalwa kuwa ya warwatse, ban iya cewa komai a kansa ba, haka kuma na rubuta.

Na yi murna, ba ƙarya. Amma da na zauna rubutu sai na fara tambayar kaina me na gano takamaimai. Na gano cewa ɓera namiji lafiyayye, wanda aka ɗura wa wannan tsimi kwana goma, ya fi ɗan'uwansa daɗewa yana motsi a cikin kwalbar ruwa. Shi ke nan. Ɓerayena ba su da ciwon damuwa. Ba wanda ya rasa miji, ba wanda ya kwana yana zargin kansa, ba wanda ya daina jin daɗin abinci. Porsolt ya fassara tsayawar a matsayin yanke ƙauna, amma masana da yawa yanzu suna ganin dabara ce: ɓeran ya gane ba mafita, sai ya adana ƙarfinsa. Akwai kuma wani giɓi da ba a cike ba. A wannan gwaji, ko sau ɗaya aka ba ɓera imipramine yana nuna tasiri cikin awa guda, mutum kuwa sai ya yi makonni yana sha kafin ya ji sauƙi. Saboda irin waɗannan dalilai, a ƙarshen 2023 hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta ce kada a ƙara ɗaukar gwajin a matsayin kwatancin ciwon damuwa, Ingila ma ta tsaurara ba da izininsa. Amfaninsa ɗaya da ban musa ba shi ne tacewa: yawancin magungunan da ke aiki a jikin mutum suna cin wannan gwaji. Sai dai ba duk wanda ya ci shi ne ke aiki a jikin mutum ba.

Shi ya sa a kan kundina ba a rubuta cewa tsiron maganin damuwa ne ba, an rubuta yana da tasiri mai kama da na maganin damuwa a jikin ɓera. Kama da wane kuwa ba ta wane.

Kada wannan ya sa a raina tsirran Indiya. Sarpagandha, wato Rauwolfia serpentina, an daɗe ana ba masu taɓin hankali saiwarsa a ƙasar. A 1949 likita Rustom Jal Vakil na Bombay ya wallafa amfaninsa ga hawan jini, a 1952 aka ware sinadarin reserpine daga cikinsa a Suwizalan. Da aka lura wasu masu shan sa suna faɗawa baƙin ciki, kuma aka gano yana zazzage serotonin da noradrenaline daga jijiyoyi, sai wannan ya zama ɗaya daga tubalan ra'ayin da aka gina magungunan damuwa na zamani a kai. Saiwar da ake sayarwa a kasuwa ce ta koya wa duniya wannan. Amma ta bi doguwar hanya: ware sinadari, auna shi, gwada shi a kan mutane, ƙirga illolinsa. Abin da ke damuna shi ne ɗimbin binciken ɗalibai irin nawa da ke tsayawa a bakin kwalbar ruwa, ba wanda ke ɗorawa, sai dai mai talla ya tsinci jimla ɗaya ya manna a kwalinsa.

A zaman kare kundi, malamin da aka gayyato daga waje ya tambaye ni abin da zan yi da za a ba ni kuɗi da lokaci. Na ce ba zan koma kwalba ba. Zan bi tsarin da Paul Willner ya fitar a 1987, inda ake sa dabba cikin ƙananan takura na makonni har ta rage son ruwan sukari, sannan a ga ko magani zai dawo mata da sha'awarsa, domin rashin jin daɗin abin da aka saba so yana daga cikin ainihin alamomin ciwon a jikin mutum. Zan sa mata da maza, tunda ciwon ya fi kama mata. Zan kuma daidaita tsimin ta yadda na bana zai yi daidai da na baɗi. Ya ce wannan tsarin ma wahalar da dabba ne, har ya fi tsawo. Na ce haka ne, kuma sai an tabbatar amsar da za a samu ta kai wahalar.

Ban gama tattara kayana ba ƙanina ya kira daga gida. Labari ya kai musu cewa na gano maganin damuwa. Gwaggonmu tun rasuwar mijinta ba ta dawo daidai ba, takaba ta ƙare da daɗewa amma ba ta barci, ba ta cin abinci, ba ta fita ko suna, ta ce ita nauyi ce a kan 'ya'yanta.

"Yaya, tunda an ce yana aiki, ka taho wa Gwaggo da shi mana."

Na ce masa a ɓera na gwada, ban san adadin da ya dace da mutum ba, ban kuma san me zai yi wa hanta ko ƙoda idan aka daɗe ana sha ba. Ya ce to in sayo na kanti, ai ganye ne, ba ya cutarwa. Na gaya masa wani bincike da aka wallafa a mujallar JAMA a 2004, inda aka sayo magungunan Ayurveda 70 a shagunan yankin Boston na Amurka, aka sami dalma ko zaiba ko arsenik a cikin 14. Na gaya masa kuma a 1992 likitoci a Bombay sun ba da rahoton masu farfaɗiya biyu da ciwonsu ya dawo bayan sun haɗa wani ruwan shankhpushpi da maganinsu na phenytoin, gwaji a kan dabba kuma ya nuna yana rage maganin a jini. Gwaggo kuwa tana shan na hawan jini, ban san yadda za su haɗu ba.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To yanzu ya za a yi?"

Na ce maganar da take yi cewa ita nauyi ce ba ta wasa ba ce, kada a bar ta ita kaɗai, a ci gaba da addu'a da zama da ita, kuma a kai ta ta ga likitan ƙwaƙwalwa cikin makon nan, ba sai na dawo ba. An sha fama kafin ta yarda, domin a wurinta asibitin ƙwaƙwalwa na mahaukata ne. Babbar 'yarta ce ta shawo kanta, suka je asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Likitan ya duba magungunan hawan jininta, ya rubuta mata ƙwaya guda da za ta riƙa sha kullum, ya sa musu ranar dawowa. Ya ce kada su sa ran ganin canji kafin mako biyu zuwa huɗu, kuma ko ta ji sauƙi kada ta daina sha sai ya ce.